Kai! Ashe Wuta Ce a Cikin Lucy Snowe!

Kai! Kai! Kai jama'a! Ku tsaya, don Allah ku tsaya ku ba ni kunnenku. Na ci karo da wata yarinya a cikin littafi, kuma wallahi tun da na rufe shafin ƙarshe ban dawo daidai ba.

Lucy Snowe sunanta. Littafin kuma Villette, na Charlotte Brontë, wanda ya fito a Landan a watan Janairun 1853, zamanin Sarauniya Biktoriya. E, waccan Charlotte ɗin dai, mai Jane Eyre. Kowa Jane Eyre, kowa Jane Eyre! To wannan fa? Wa ya ɓoye mana shi?

A wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi na tsince shi. Bango ya yage, takardu sun yi ja, sai warin ƙura. Babi 42. Na ce bari dai in leƙa.

Leƙawar ke nan.

Da farko fa shiru-shiru. Yarinya ce 'yar kimanin shekara 14, tana zaune a gidan Uwargida Bretton, matar da ta tsaya mata ranar baftisma. Ita ce mai ba da labari, amma nata labarin ba ya fitowa, sai na wasu. Ga wata 'yar mitsitsiya, Polly, 'yar shekara 6, da mahaifinta ya kawo ajiya. Polly tana yi wa babanta kalmasar hankici, allura tana sokinta, jini ɗis, ɗis, ɗis a kan farin ƙyalle, ba ta fasa ba. Ranar da uban ya tafi ta durƙushe jikin kujera kamar ranta zai fita. Lucy fa? Tana gefe tana kallo. Har tana gaya mana da bakinta cewa ita hankalinta kwance yake.

Kwance! To baiwar Allah, in kwance yake, wa ya bi ɗigon jinin nan da ido? Wa ya farka cikin dare yana kallon yarinyar nan a durƙushe kan gado tana addu'a cikin farin wata?

Sai babi na 4. Lucy ta wayi gari ba ta da kowa a duniya. Ta yaya? Oho! Ba za ta faɗa ba. Wai mu ɗauka shekara 8 ta yi kamar kwalekwale a kan ruwa mai lafiya, tunda haka mutane suke son jin rayuwar mata. Kafin ka numfasa ta juya: an yi guguwa, jirgi ya nutse, mutanen ciki sun halaka, kuma har yau in ta yi mugun mafarki tana jin ruwan gishiri a maƙogwaronta. Shi ke nan! Ba sunan uwa, ba sunan uba, ba kabari, ba ta'aziyya. Ta rufe ƙofa ta bar mu a waje.

Ku tuna wace Ingila ce wannan. Ƙidayar 1851 ta nuna mata sun ɗara maza da wajen rabin miliyan a Birtaniya. Mace mai ilimi, ba miji, ba gādo, ba uba, ina za ta? Ko ta shiga gidan masu hali tana koyar da 'ya'yansu, kamar yadda mata fiye da 20,000 suke yi a lokacin, ko ta zauna jinyar wata tsohuwa mai kuɗi. Lucy jinya ta kama. Ɗakuna biyu masu zafi, rufaffu, da wata gurguwar attajira, Miss Marchmont, wadda ta shekara 30 tana makokin saurayinta da doki ya kayar. Tsohuwa ta yi niyyar yi mata alheri, sai ta mutu a daren. Kash!

Fam 15 a hannunta. Ba ta kai 23 ba. Ba ta jin Faransanci ko na sayen gishiri. Me kuke tsammani ta yi? Landan! Daga Landan jirgin ruwa! Ita kaɗai, cikin dare, sai wata ƙasa da marubuciyar ta raɗa wa suna Labassecour, wato Beljiyam, sai babban birninta Villette, wato Brussels. Wannan ce fa wadda ta ce mana ita mai sanyin jini ce!

Akwatinta ya ɓata a hanya. Ruwa yana zuba. Ta ƙwanƙwasa ƙofar wata makarantar kwana ta 'yan mata a titin Fossette. Mai makarantar, Madam Beck, ta kira wani ɗan'uwanta malami, ɗan guntu, fuska a murtuke, da tabarau, wai ya dubi fuskar baƙuwar nan ya faɗi halinta. Labarin zuciya a tambayi fuska! Ya ƙura mata ido, ya ƙura, ya ce a ɗauke ta. Malam Paul Emanuel ke nan. Ku riƙe sunan nan. Ku riƙe shi da kyau.

Yanzu ku zo ku ga daren farko. Nan ne tsigar jikina ta fara tashi.

Tsakar dare. Lucy ta farka, sai ga mutum tsaye a ɗakin. Madam Beck ce, cikin kayan barci, da wasu silifa da ba sa ƙara ko kaɗan. Ta zauna a bakin gadonta tana nazarin fuskarta. Ta ɗaga hularta ta dubi gashi. Ta dubi hannu. Sannan ta koma kan tufafi, ɗaya bayan ɗaya. Ta zazzage aljihu. Ta ƙirga kuɗin da ke cikin jaka. Ta buɗe ɗan littafin ajiyar bayanai ta karanta, har ta ciro wani ɗan kitsattsen farin gashi na marigayiya Miss Marchmont. Makullai uku, na akwati da na tebur da na kayan ɗinki, ta fita da su, ta danna su a jikin kaki ta ɗauki siffarsu, ta dawo da su. Ta ninke komai tsaf, ta mayar inda yake.

Lucy kuwa idonta biyu! Tana leƙe ta ƙasan gashin ido, ta yi lamo kamar mai barci. Ko tari ba ta yi ba. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, har wani yaba wa matar take yi, wai aikin ya fita da tsafta. Tabɗijam! Mai leƙe ta gamu da mai leƙe.

Ba a jima ba aka tura ta aji. 'Yan mata 60, masu kunnen ƙashi, waɗanda sun saba korar malaman Turanci. Ta ɗauki rubutun wata 'yar gata, ta karanta shi a gaban kowa, ta kece shi biyu. Wata ƙatuwa mai suna Dolores ta ci gaba da tsiya, Lucy ta faki idonta, ta tura ta cikin ɗan ɗakin ajiyar littattafai, ta murza makulli, ta jefa a aljihu. Aji ya yi tsit. Na yi dariya har da tafi!

Amma ku jira dare mai hadari. Babi na 12.

Tsawa ta tashi, iska tana neman ɗage rufi. 'Yan matan ɗakin kwana sun firgita, sun taru suna addu'a. Lucy? Ta buɗe taga, ta fita! Ta zauna a dakalin taga, ƙafafunta a kan rufin ginin ƙasa, ruwa yana dukanta, duhu baƙi ƙirin, walƙiya tana tsaga sama, ita kuma daɗi kamar ya kashe ta. Ta ce tana tsoron irin wannan yanayi ne don yana tayar da wata halitta a cikinta wadda kullum take lallashi ta yi barci. Kuma washegari? Sai ta ɗauko labarin Yayel da Sisera na Littafi Mai Tsarki, matar da ta kafa wa jarumi turke a kai yana barci. Haka take yi wa burinta, in ji ta. Ta kafa masa ƙusa a kai. Sai dai shi ba ya mutuwa, suma kawai yake yi, ya farfaɗo yana juyi a jikin ƙusar.

Wayyo Allah! Wannan ba sanyi ba ne. Wutar ƙaiƙayi ce, sama toka, ƙasa ja wur, tana ci ta ciki.

Daga nan sai na fara karatu da wani ido. Duk inda ta ce ba komai, sai in tsaya in duba da kyau.

Ga ranar bikin Madam Beck. Za a yi wasan kwaikwayo, wata ɗaliba ta noƙe, Malam Paul ya cafko Lucy, ya ja ta har ɗakin shirgi na can ƙarƙashin rufi, ya kulle ta da ɓeraye da kyankyasai, wai ta haddace rawar da za ta taka. Rawar namiji ce fa, wani ɗan gaye mai neman budurwa. Aka kawo kayan maza, ta ce atafau ba za ta tuɓe rigarta ba, sai dai ta ɗora falmaran da kwat da ɗamarar wuya a kai. Ta hau dandamali murya tana rawa. Minti kaɗan, sai ga wata Lucy! Tana zuba kalamai, tana kashe ido, tana neman wata ɗaliba, Ginevra Fanshawe, kamar da gaske, har ta sauya wa wasan ma'ana. Ta ji daɗi. Ta ji daɗi sosai! To me ta yanke da gari ya waye? Ba za ta ƙara ba. Wai irin wannan bai dace da 'yar kallon duniya ba. Ta kulle shi ita ma.

Haba Lucy! Haba!

Jiki kuwa ba ya yarda a yi ta yi masa haka. Dogon hutu ya zo, mako 8. Kowa ya watse. Aka bar ta a ƙaton gida, daga ita sai mai girki sai wata yarinya mai taɓin ƙwaƙwalwa da kishiyar uwa ta hana zuwa gida. (Yadda Lucy take kwatanta yarinyar nan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, akwai rashin tausayi a ciki, kuma ba zan wanke ta ba.) Barci ya ƙaurace. Abinci ya ƙi shiga. Fararen gadajen ɗakin kwana, jere reras ba kowa a kai, suka fara koma mata fatalwa. Wata yamma ta zari mayafi ta faɗa cikin ruwan sama, ta shiga cocin Katolika. Ita fa 'yar Furotesta ce ta gidi, mai sukar Katolika dare da rana. Ta durƙusa a akwatin ikirari gaban wani tsohon fada. Ba zunubi ta kawo ba. Mutum take nema, kunne kawai, wanda zai ji. Ta fito, ta ɓace hanya, ta yanke jiki ta faɗi a kan matakala.

A nan juzu'i na farko ya ƙare, don a juzu'i uku aka fara buga littafin. Ka ji mugunta!

To yanzu ku gyara zama. Ga inda na yi ihu ni kaɗai a ɗaki.

Ta farfaɗo a wani gida. Kujeru ta san su. Madubi ta san shi. Ga wani ɗan matashin soka allura, ita ce ta ɗinka shi da hannunta shekaru da suka wuce. Gidan Uwargida Bretton ne, ta ƙaura zuwa Villette! Kuma Dakta John, kyakkyawan likitan nan Bature da yake ta shige da fice a makaranta tun babi da yawa baya, wanda muke ta kallo tare da ita, ashe Graham ne, ɗan gidan, wanda suka zauna tare suna yara!

Sai ta ce mana, a sanyaye, ai ita ta daɗe da gane shi. Watanni! Ba ta gaya masa ba. Mu ma ba ta gaya mana ba. Mu! Masu karatu! Mu da muka bi ta cikin ruwa da iska! Wai haka ya fi dacewa da ɗabi'arta.

Kai! Kai! Mai ba da labari tana yi wa mai sauraro kawaici! Na koma baya da sauri, sai ga wurin, a babi na 10: likita ya kama ta ta cikin madubi tana ƙura masa ido, ya tambaye ta me ya faru, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɗinki. A gabanmu aka yi komai. To in ta iya ɓoye wannan, me kuma take ɓoyewa?

Son shi take yi. Shi ne. Ba za ta taɓa furtawa ba, amma son shi take yi.

Gaskiya haɗuwar nan ta yi yawa, kowa na Bretton sai ya ɓullo a Villette kamar an yi musu gayya. Na yafe. Wanda ya ba ka irin abin da ke tafe, ka yafe masa.

Wasiƙu! Dakta John ya yi alkawarin rubuto mata, ya kuwa rubuto, guda 5. Wasiƙun kirki ne kawai na mutumin kirki. Ita kuwa ta farkon ma kasa buɗewa ta yi. Ta naɗe ta, ta saka a akwati, ta kulle, ta jira dare, ta hau ɗakin shirgin nan da kyandir don ta karanta ba ido a kanta. Amsa kuma? Biyu take rubutawa. Ta farko shafi-shafi, zuciya tana malala. Sai Hankali ya shigo, wanda take siffantawa da muguwar kishiyar uwa mai sanyin hannu, ya yage, ya sa ta rubuta 'yar gajeruwa mai ladabi. Ita ake aikawa.

Wa bai taɓa yi ba? Ku faɗi gaskiya. Wa bai taɓa rubuta dogon saƙo ya goge, ya tura "na gode" ba?

Kuma tana cikin karatun nan a ɗakin shirgi sai ga fatalwa! Wata sista, baƙar riga har ƙasa, kai naɗe da fari. Dama ana cewa gidan tsohon gidan zuhudu ne, kuma an taɓa binne wata sista da ranta a gindin wata tsohuwar bishiya a lambu saboda ta karya alkawarinta. Likita ya ce gizo ne idonta yake mata, ta dinga noma farin ciki. Lucy a ranta: shi farin cikin dankali ne da za a binne a zuba masa taki? Na ce yauwa 'yar gari, gaya masa!

Barkwancinta fa ba kaɗan ba ne. A gidan baje zane-zane ta tsaya gaban ƙaton hoton Kiliyobatira a kishingiɗe, tana lissafin naman da matar ta ci ta yi wannan ƙiba, tana mamakin yadda yadi 27 na ƙyalle ya kasa rufe ta. Malam Paul ya gan ta, ya kusa suma, ya janye ta ya zaunar gaban wasu hotuna huɗu na mace ta gari: budurwa, amarya, mai jego, gwauruwa. Lucy ta dube su ta ce duk fatalwowi ne marasa jini. Wannan ba ita ba, waccan ma ba ita ba. To wace ce ita? Ginevra ma sai da ta tambaye ta haka ƙiri-ƙiri.

Sai daren Vashti. Likita ya kai ta gidan wasa kallon wata shahararriyar 'yar wasa, wadda Charlotte ta gina a kan Rachel, Bafaranshiyar da ta kalla da idonta a Landan a 1851. Mace a kan dandamali tana fasa duk abin da Lucy take dannewa, fushi, baƙin ciki, tawaye, a bainar jama'a! Ana tsakiyar haka aka yi ihun gobara. Turmutsutsu. Likita ya ceto wata budurwa da aka tattake. Wace ce? Polly! Polly mai hankici, ta girma, ta yi kyau, mahaifinta ya gaji sarauta da dukiya.

Mako 7 ba wasiƙa. Mako 7! Lucy ta gane.

Abin da ta yi daga nan, wallahi ban taɓa karanta irinsa ba. Ta lura Madam Beck tana ɗaukar wasiƙun tana karantawa, har da alamar ta nuna wa wani. Sai ta shiga tsohuwar unguwa, shagon wani dillalin tsofaffin kaya, ta sayi kwalba mai kauri. Ta naɗe wasiƙun 5 cikin siliki mai mai, ta ɗaure da zare, ta zura, aka toshe bakin yadda iska ba za ta shiga ba. Da dare, ana can ana karatu, ta sulale lambu. Gindin bishiyar nan, wadda ake kira Metusela saboda tsufa, akwai rami. Ta share ganye, ta tura kwalba, ta ɗora falalen dutse, ta kwaɓa siminti ta shafe, ta mayar da ƙasa. Jana'iza sosai! Ta jingina da bishiya kamar mai zaman makoki.

Sai wata ya haska. Sai ga sista a gabanta, taku kaɗan. Wannan karon Lucy ba ta gudu ba. Ta tambaye ta ko wace ce, ta miƙa hannu za ta taɓa ta! Fatalwa ce ta ja da baya.

Daga baya ma tana tambayar kanta, anya abin da ta binne ya mutu kuwa? Tana ganin kamar gashi mai ruwan zinariya yana tsirowa ta tsagar akwatin gawa. Subhanallahi!

Shi kuwa ɗan guntun malamin nan yana nan. Masifaffe! Mai kishi! Mai tsawa! Graham ya ce Lucy ba ta da cutarwa kamar inuwa, kuma a ganinsa yabo ne. Malam Paul kuwa ya raɗa mata a kunne, cikin fushi, cewa shi ya gano ta, wuta ce a ranta. Ta juyo ta ce e, wutar ce, kuma ta cancanta! Ta saka riga ruwan hoda sau ɗaya, shi ya rantse ja wur ce. Ta fasa masa tabarau. Ya koya mata lissafi, da ta fara ƙwarewa sai ya hau faɗa a kan mata masu ilimi, ta kwaso littattafansa ta zube masa a ƙafa. Ranar bikinsa kowa ya kawo fure, ita ta zauna ƙyam, ya huce a kan matan Ingila, ya zage su tas, har ta buga tebur ta yi ihun Ingila ta daɗe! Lucy! Ihu! A cikin aji!

Kuma duk safiya in ta ɗaga murfin teburinta, warin sigarinsa. Ya bar mata littafi, wani lokaci ya yanke shafukan da bai yarda da su ba, wani lokaci da 'yar alewar cakulan. Leƙe ne shi ma, ban musa ba. Mutumin yana da wuyar sha'ani, kuma ba zan ba ƙanwata shi ba sai na yi tunani. Amma duk garin nan shi kaɗai ne in ya dube ta yake ganin mutum. Da faɗa ya fito da ita. Da faɗa!

Sai aka haɗa musu kai. Madam Beck, da Fada Silas, wato fadan ikirarin nan, da wata tsohuwa mai doro da zobban zinariya, Madam Walravens. Za su tura shi Guadeloupe, can tsibiran Karebiyan, shekara 3, ya kula da dukiyar tsohuwa, ya kuma yi nesa da 'yar Furotesta. Aka hana su sallama. Madam Beck ta sa aka ba Lucy maganin barci mai ƙarfi.

Magani ya juye! Maimakon barci sai ido ya bushe, kai ya ɗau wuta. Tsakar dare ta saka malafa da mayafi, ta zare sakata, ta fice. Tana neman wurin shaƙatawar gari, tana tsammanin duhu da shiru da ruwan tafki mai sanyi. Sai ta tarar da gari a farke! Biki ake! Fitilu ko'ina, kaɗe-kaɗe, karusai, dawakai, an ƙera gumakan Masar na katako da kwali. Tana yawo cikin taro, ba wanda ya san ta, kowa nata yana wurin. Ga Graham da Polly cikin haske. Ga maƙiyanta uku a zaune. Ga Malam Paul, wanda ta ɗauka ya riga ya tafi, da wata budurwa a gefensa! Kishi ya soke ta, kishi na gaske, irin wanda ba ta taɓa bari ta ji ba. Ta koma gida a guje, ta buɗe ɗakin kwana, sai ga sista kwance a kan gadonta!

Ta yi kanta! Ta damƙe ta, ta girgiza, ta yayyage, ta tattake! Tsumma ne. Doguwar matashi aka sa wa riga. Ashe duk fatalwar nan saurayin Ginevra ne, wani ɗan gaye de Hamal, yake shigar sista yana haurowa zance, kuma a daren nan suka gudu tare. Na yi dariya har hawaye, amma hannuna yana rawa, don na ga abin da ta yayyaga.

Sai babi na 41. Ya zo sallama. Ya kama hannunta. Madam Beck ta kutso tsakani, tana ja da shi, tana rufe Lucy da jikinta. Zai tafi. Zai tafi fa! Sai yarinyar nan da ta yi shiru tun shafin farko ta buɗe baki ta yi kururuwa, a gaban Madam Beck, cewa zuciyarta za ta fashe. Ta fashe da kuka. Malam Paul ya juya ya daka wa Madam tsawa ta fita. Ta fita!

Na miƙe tsaye. Wallahi na miƙe tsaye.

Ya ja ta suka yi tafiya har unguwar Faubourg Clotilde, gida mai lamba 7. Ɗan ƙaramin gida, tsaf-tsaf, da tukwanen fure, da 'yan kofuna. Ya buɗe wata ƙofa: aji! Benci, tebur, allo. Ya miƙa mata takardar talla, an buga, makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo, shugaba: Lucy Snowe. Sunanta! Da tawada! Shi ya kama hayar, amma daga baya ita za ta dinga biya da guminta. A kan baranda ta dafa masa cakulan, ta kuma zazzage masa komai, kishin, da daren biki, da tsoron cewa ba ta da kyau. Magana tana ta zuba, ta ƙi tsayawa. Budurwar nan ashe 'yar riƙonsa ce. Ya ce ta zauna a addininta, haka yake son ta.

Ya tafi. Kuma ku ji: shekaru ukun nan da ba ya nan, su ne mafi daɗi a rayuwarta. Ita ta faɗa! Ɗalibai suka ƙaru, magajin Miss Marchmont ya aiko da fam 100 don lamirinsa ya dame shi, ta kama gidan maƙwabta, makaranta ta zama ta kwana.

Ba daga iska Charlotte ta ɗebo wannan ba. Ita da ƙanwarta Emily sun je Brussels a 1842, makarantar Madam Héger. Ta koma ita kaɗai a 1843, kaɗaici ya kusa zautar da ita, kuma a watan Satumba ta shiga babban cocin Sainte-Gudule ta yi ikirari, ita 'yar limamin cocin Ingila! Bayan ta dawo gida ta yi ta rubuta wa malaminta Constantin Héger wasiƙu. Ya yayyaga wasu ya zubar, matarsa ta tsince ta haɗa, har da ɗinki da zare. Guda 4 suka tsira, iyalin suka miƙa su ga gidan tarihin Birtaniya a 1913. Kuma kafin ta zauna rubuta Villette ta binne Branwell a Satumban 1848, Emily a Disamba, Anne a Mayun 1849. 'Yan'uwa uku cikin wata 9. Ga jirgin da ya nutse.

Mutanen zamaninta sun rikice. Marubuciya George Eliot ta ce ya fi Jane Eyre ban mamaki. Matthew Arnold ya tsane shi, wai ba komai a kan marubuciyar sai yunwa da tawaye da fushi. Malam, ai abin da muka zo gani ke nan!

To ƙarshe fa? Ya dawo? Jirginsa ya taso. Kaka ta shigo. Ta shirya masa ɗakin karatu, ta raini furannin da yake so. Sai guguwa ta tashi a Tekun Atlantika, kwana 7 tana ruri, teku ta cika da tarkacen jirage. Sai Lucy ta ce a tsaya nan. Mai son ya yi zaton an sadu an yi aure, ga fili. Ta sake rufe mana ƙofa! Amma wannan karon mun san abin da ke bayanta, kuma tun babi na 5 ta gaya mana da farin gashi take ba da labarin nan. Layukan ƙarshe ma ba nata ba ne, na maƙiyan nan uku ne: Madam Beck ta yi arziki, Fada Silas ma haka, tsohuwa mai doro ta kai 90. Kai, wannan mata!

Mahaifin Charlotte ne ya roƙe ta kada ta ƙare da baƙin ciki, shi aure yake so, kamar yadda Elizabeth Gaskell ta rubuta a tarihin rayuwarta na 1857. Shi ya sa ta lulluɓe abin. Mata masu karatu suka dinga aiko da wasiƙu, don Allah Malam Paul ya nutse ko bai nutse ba? Kun san me ta gaya wa George Smith, mai kamfanin da ke buga mata littafi? Wai zaɓi biyu ne, nutsewa ko aure. Masu tausayi za su nutsar da shi ya huta. Marasa imani kuwa su ne za su ɗaura masa aure da Lucy Snowe!